Mangwaron da ke Toshe Bututu

A shagon kayan gini na kasuwar garin Klaten, Sulastri tana jiran a yanko mata tiyo, sai wani tsoho da ba ta sani ba ya miƙo mata gwangwanin wani shuɗin garin magani.

"'Yar nan, idona ya yi rauni. Duba min, wannan saiwa kaɗai yake kashewa, ko har bishiyar?"

"Saiwar da ta shiga bututu kawai, in ba ka cika hannu ba. Masai ne ya toshe?"

"Duk damina. Mangwarona ne ya gano inda ruwa yake."

"Haba Baba! Mutum bai sha magani ba, sai bututu? Kira mai zarto ya sare shi ka huta."

"Maƙwabta ma haka suke cewa, da hannu a hanci." Ya yi 'yar dariya. "Ranar da aka haifi 'yata Ningsih, ni na binne mabiyiyarta a tukunya, na kunna mata fitila bisa al'adarmu, daga baya na dasa mangwaron a wurin. Yanzu tana aikatau a ƙasar waje. In ta kira, ba ta tambayar ciwon ƙafata, sai dai ta ce, ya yi fure?"

Sulastri ta daɗe tana juya gwangwanin.

"Zuba kaɗan-kaɗan, ka kora da ruwa sosai. Kada ko ƙwaya ta taɓa gindinsa."

"Ashe kin san aikin."

"A makare na sani. Mu namu mangwaron, na kan mabiyiyar ɗana, muka sare bayan rasuwarsa. Yanzu ruwa yana wucewa lafiya lau, Baba. Ni ce na kasa zama a tsakar gidan."