Mai Tashin Kwamfuta daga Legas

A tashar Minjibir, Malam Sama'ilu ya ji matar da ke gefensa ta kashe waya tana hamdala.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Kwamfutar asibitinmu ce ta ƙi tashi, Baba. Wani ya gyara ta daga Legas. Tun kafin ta gama farkawa yake ganin cikinta, yana sarrafa ta."

"Ko sallama babu?"

"Sai da ya nemi izini."

"Yana da tarbiyya. Ɗana ma aikinsa ke nan a can. Yana tashin inji daga nesa, amma ya kasa kiran ubansa."

"Ku kun kira shi?"

"Ni zan fara?"

Ya kau da kai. Can ya zaro wayarsa, ya miƙa mata.

"Nemo min Naziru. Idona ba ya gani sosai."