Dara Na Ce, Ba Madara Ba

Maimuna: Halo? Halo, wa ke magana?

Datti: Salamu alaikum.

Maimuna: Wa alaikumus salam. Daga ina?

Datti: Salamu alaikum! Livinus, abin nan naka ba ya magana.

Livinus: Baba, wannan kunne ya mutu. Sa shi a na dama.

Datti: To. Kaduna ce? Gidan Maimunatu?

Maimuna: Baba! Baba, kai ne? Innalillahi, lafiya? Me ya faru?

Datti: A gaisa tukuna.

Maimuna: Ina wuni, Baba?

Datti: Lafiya.

Maimuna: Ya jiki? Ya ƙafar? Ya Jos, ya mutanen Laranto?

Datti: Da sauƙi. Suna nan. Yau Talata, tun safe ake ruwa, har da ƙanƙara. Ina maigidanki?

Maimuna: Yanzu ya dawo daga masaƙa, yana cin abinci. In kira shi?

Datti: Bar shi ya ci. Ina amaryata?

Maimuna: Mariya? Tana nan, kullum sai ta tambayi ranar da kakanta zai zo. Baba, a ina ka sami waya? Kai da ko wasiƙa ba ka amsawa?

Datti: Kemis ɗin Livinus. Awa biyu muna jira a haɗa mu.

Livinus: Maimuna, kana lafiya? Ya yara?

Maimuna: Lafiya lau, Oga Livinus, a gaida Madam. Baba, ka tsorata ni. Faɗa mini. Jikin ne ya tashi?

Datti: Kada ku zo ran Asabar.

Maimuna: Mu zo ran Asabar? Ai muna nan tafe, an ma duba mota.

Datti: Kada! Kada ku zo!

Maimuna: Haba Baba. Mun gama wannan magana tun da Sallah. Ɗaki na nan an shafe shi da farar ƙasa, an sa sabuwar katifa. Na tanadi buhuna na zuba kayanka. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, kana zaune kai kaɗai a gida, ba ka ci, ba ka barci, wandonka ma sai da aka ƙara wa mazagi ƙulli. Ba zan bar ka a Jos ba.

Datti: Na je asibiti.

Maimuna: Alhamdu lillahi! Yaushe?

Datti: Sati biyar.

Maimuna: Sati biyar, sai yau nake ji? Me likita ya ce?

Datti: Ya ɗebi jini. Ya ɗauki hoton ƙirji. Ya ce ba komai.

Maimuna: Ba komai kamar yaya? Mutum yana ramewa a ce ba komai?

Datti: Haka na ce masa. Sai ya tura ni wurin wata Sista Theodora. Mai yawan tambaya.

Maimuna: Me ta tambaye ka?

Datti: Wai da wa na yi magana jiya.

Maimuna: Ka ce wa?

Datti: Akuya.

Maimuna: Baba!

Datti: Gaskiya na faɗa. Ta shiga dawar maƙwabta, na yi mata faɗa. Ta ce shekaranjiya fa? Na ce shekaranjiya akuyar ba ta yi laifi ba.

Maimuna: Allah sarki. To sai me?

Datti: Ta tambayi aikin da na yi, na ce gyaran inji a haƙar kuza, shekara talatin. Ta tambayi abin da nake so ina saurayi. Ta yi dogon bayani, ta rubuta takarda ta ba ni.

Maimuna: Bayanin me?

Datti: Ban ji ba. Ta hagu ta zauna.

Maimuna: Kuma ba ka ce ta sake ba?

Datti: Na ji dai sau uku a mako. Na ɗauka allura ce. Na kai takardar wani kemis, ya jujjuya ta, ya ce ya ƙare. Na kai wani, ya ce sai an kawo daga Ikko.

Maimuna: Maganin mai wuyar samu ne ke nan. Faɗa mini sunansa a nemo a nan.

Datti: Na kawo wa Livinus. Ya sa gilashi, ya karanta, ya yi dariya har ya zauna a kan kwali.

Livinus: Maimuna, shekara ashirin ina sayar da magani, ban taɓa ganin wannan ba!

Maimuna: Wai mene ne aka rubuta?

Datti: Dara.

Maimuna: Madara? To ai da sauƙi! Ta gari ko ta gwangwani? Zan taho da katan guda ran...

Datti: Dara na ce!

Maimuna: Wayar na ƙara, Baba. Madarar shanu?

Datti: Wadda ake haƙa gurabe a ƙasa! Wannan da kara, wannan da tsakuwa! Ka jera uku ka ci ɗaya!

Maimuna: Dara? Dara ta wasa? A asibiti?

Datti: Wasiƙa ce ashe, ba magani ba. Zuwa ga Gyang.

Maimuna: Wane Gyang?

Datti: Helmanmu na Bukuru, shugabanmu a wurin haƙar kuza. Dogon nan da ya kawo wa uwarki buhun acca ranar sunanki. Ya tara tsofaffin 'yan kuza a bayan tashar Laranto, gindin mangwaro. In ana ruwa su koma rumfa. Sistar ta san da su. Wanda ta ga zaman ɗaki na cinsa, can take tura shi. Da kati, in ka je Gyang ya dangwala.

Maimuna: Ikon Allah! Ka je?

Datti: Na ƙi. Kwana huɗu.

Maimuna: Na sani ai.

Datti: Ni da ciwo, a tura ni wasan yara? Ran na biyar Sistar ta aiko a tambaya. Na ce bari in je a dangwala, in mayar mata da katinta, in ce bai yi ba, ta ba ni allura.

Maimuna: Sai?

Datti: Na je. Gyang ya ce, “Datti, ashe kana duniya?” Na ce dangwala in tafi. Ya ce tawada na wurin Labaran, Labaran kuwa yana tsakiyar wasa, sai ya gama. Ƙarya ce, daga baya na gan ta a aljihunsa.

Maimuna: Labaran direban tipa?

Datti: Shi. Na tsaya a kansu. Ban zauna ba. Labaran ya ɗauki kara zai sa inda ko makaho ba zai sa ba. Na yi shiru. Ya sake. Na yi shiru. A na uku na ce, “Kai, ba nan ba!”

Maimuna: Kai ka ce haka?

Datti: Ya ce in na iya in zauna. Na zauna.

Maimuna: Tsaya, Baba. Dama ka iya dara?

Datti: Daga Bukuru har Barikin Ladi an san ni.

Maimuna: Ni ban taɓa ganin ka taɓa ta ba.

Datti: Uwarki ta hana. Shekarar da aka haife ki. Kullum tuwo sai ya huce kafin in shigo. Ina da duwatsuna goma sha biyu, baƙaƙe, na ramin kuza, ni na zaɓe su ɗaya ɗaya. Ta kwashe, ta ce ta zuba a rijiya.

Maimuna: Inna ke nan! Ka yi faɗa?

Datti: Da uwarki? Wa ya taɓa ci?

Maimuna: To ranar ka cinye Labaran?

Datti: Ya cinye ni. Sau uku. Hannu ya manta. Har yana cewa a kawo mini ruwa in sha.

Maimuna: Ayya.

Datti: Na koma gida raina a ɓace. Na ce tsakuwar tasha ce ba ta da kyau. Na shiga neman 'yar jaka da zan tsinto wasu. Na buɗe ɗakin uwarki.

Maimuna: Ka buɗe? Baba, ko ni ka hana ni shiga ɗakin nan.

Datti: Na buɗe. Babbar kwallar nan ta ƙasan jere, mai furen ja. Akwai ƙullin tsumma a ciki.

Maimuna: Halo? Baba? Wayar ta yanke ne?

Datti: Ba ta yanke ba.

Maimuna: Me ke cikin ƙullin?

Datti: Goma sha biyu. Ba wanda ya ɓace.

Maimuna: Ba ta zubar ba.

Datti: Shekara talatin da huɗu tana kallona ina leƙa rijiya.

Maimuna: Allah ya jiƙan Inna.

Datti: Amin. Kuka kike yi?

Maimuna: A'a. I. Da dariya.

Datti: A daina, waya ce. Washegari da safe na sa su a aljihu, na je, na cinye Labaran sau biyar. Na sa aka kawo masa ruwa.

Livinus: Maimuna, faɗa masa! Sista ya rubuta sau uku a sati, shi yana sha kullum! Magani ya yi yawa!

Datti: Kai dai sayar da mentoleta.

Maimuna: Kullum, Baba? To abinci fa? Kada dara ta hana ka ci, yanzu ba mai kwashe duwatsu.

Datti: Akwai Tabawa mai masa a bakin tasha. Doka ce, kowa sai ya ci kafin a haƙa gurbi. Sistar ce ta sa. Takan biyo ran Alhamis da abin awon jini, ta auna kowa, ta yi mana faɗa.

Maimuna: Guda nawa kake ci?

Datti: Ba na ƙirgawa.

Livinus: Takwas! Da miya!

Datti: An tambaye ka?

Maimuna: Barci fa?

Datti: Jiya ladan ne ya tashe ni. Na kwance ƙullin mazagin nan ma.

Maimuna: Alhamdu lillahi. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Amma Baba, a Kaduna ma ana dara. Akwai tsofaffi a bakin layinmu, sai ka...

Datti: Sun san ramin Bukuru?

Maimuna: A'a, amma...

Datti: Sun san uwarki? Gyang ya sani. Ran nan ya ba da labarin yadda ta kore shi da muciya, ya zo kirana dara ana gobe suna. Mutum goma suka yi ta dariya. Wa zai ba ni wannan a Kaduna? Can zan zauna a ɗaki mai farar ƙasa, ko akuyar babu.

Maimuna: Na yi wa Inna alkawari, Baba. A asibiti ta riƙe hannuna, ta ce kada in bar ka kai kaɗai.

Datti: Mu goma sha bakwai ne. Ran da ƙafa ta hana ni fita, kafin azahar mutum uku sun buga ƙofa. Har na gaji da su.

Maimuna: Ka san rabon da ka yi mini doguwar magana haka?

Datti: Wayar ce. Ba a yin shiru a cikinta.

Maimuna: To me ya sa Asabar ɗin musamman?

Datti: Karawa. Mutanen Tudun Wada ta nan Jos sun aiko, wai a Laranto ba wanda ya iya. Suna da wani Badung, wai shekara shida ba a ci shi ba. Ni aka tsayar.

Maimuna: Kai za ka kara da shi?

Datti: In kun ɗauke ni, sai a ce gudu na yi.

Maimuna: Ashe abin da ya kawo ka kemis cikin ruwa ke nan! Ni kuwa na ɗauka jikin ne ya tashi.

Datti: Kin ji dai. Kada ku zo.

Maimuna: Za mu zo.

Datti: Maimunatu!

Maimuna: Za mu zo, Baba. Sai na ga wandon nan da idona, in ga katin, in ga Sistar nan in yi mata godiya. Kuma ina so in riƙe ƙullin Inna.

Datti: Buhunan fa?

Maimuna: In na ga abin da na ji, dankali zan zubo a ciki.

Datti: Hm.

Maimuna: Dariya ka yi?

Datti: Tari ne. Har yanzu motar taku Fijon nan ce, mai dogon baya?

Maimuna: Ita ce. Me ya faru?

Datti: To ku yi sammako. Ƙarfe goma ake farawa. Labaran ba ya iya hawa bas, Gyang kuma sai da sanda. Ku tsaya a bakin tasha, kada ku wuce gida. Mu shida ne, da tukunyar Tabawa.

Maimuna: Baba, motar da za ta ɗauke ka ce za ka mayar...

Datti: Amaryata ta zauna a kan cinyata, ta riƙe mini duwatsu. Ruwa ya tsaya. Ga Gyang can yana ɗaga mini sanda.

Maimuna: Tsaya mana, ba ka gaisa da maigidan...

Datti: Livinus, ina ake kashe abin nan?

Livinus: Ajiye kawai, Baba. A'a, ba a kan sikeli ba!

Maimuna: Baba? Halo? Halo! Baban Mariya! Bar tuwon nan ka zo. Motar nan taka, tsofaffi nawa take ɗauka?