Mai Walda a Bakin Karnafuli

Rokeya tana jiran kwale-kwale a bakin kogin Karnafuli, sai wani dattijo ya hango hular kwano ta masu walda a hannunta.

"'Yata, jiragen ruwa kuke fasawa?"

"Ƙerawa muke, Baba. Ka ga ƙetaren can? Mu ke walda, maƙwabtanmu na haɗa inji, na gabansu igiya da fenti. In abu ya ƙare mana, da ƙafa nake zuwa in karɓo."

Ya ja tsaki. "Shekara ashirin ina walda a Singafo. Can ake jirgi, ku kwanon wanki kuke yi."

"Kwanon wankinmu har birnin Kolombo yake kai shinkafa. Naka jirgin sau nawa ya kawo ka gida Sallah?"

Rokeya ta ji kamar ta wuce iyaka.

"Sau uku," dattijon ya ce. "Ɗana bai saba da ni ba sai da ya yi gemu. Shi ma jibi zai tafi Singafo." Ya gyara murya. "Kuna ɗaukar sababbin ma'aikata?"

"Ya iya walda?"

"Ni na koya masa!"

"To gobe ya ƙetaro ya tambayi Rokeya. Kowa ya san muryata."