Oke da Karen Bature

A ɗakin jiran likitan dabbobi, wata mai akuya ta ga tsoho riƙe da ƙaton kare, ta kasa yin shiru.

"Baba, ina ka samo wannan dodon?"

"Bakina ya jawo mini, 'yata. Shekara ashirin ina tuƙa wani Bature da kalmar Turanci ɗaya tak, oke. Ya gaishe ni, oke. Ya yi faɗa, oke. Ban gane ba, oke."

"Kuma aiki ya tafi?"

"Sumul! Ranar da zai koma ƙasarsu ya yi mini dogon jawabi har da hawaye. Na ce oke. Kawai ya miƙo mini igiya."

"To, yaya kuke fahimtar juna da karen?"

"Kamar maigidansa. Ya yi haushi, in ce oke."