Makin Ƙwaƙwalwata Ya Dakatar da Aurena

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, kai da masu saurare. Daga Kiru nake rubuto maka, kuma har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Ni ban yi boko ba, a jikin buhun taki da tsofaffin jaridu na koyi karatu. Kwanakin baya na ci karo da wani gwajin ƙwaƙwalwa a waya. Maki iri biyu ne suka fito. Na sama, na basira, babba ne. Na ƙasa ɗan mitsitsi, ban ko dube shi ba. Don in rufe bakin masu ce mini jahili, na saka hoton sakamakon a shafina.

Ashe lokacin dangin Hadiza, yarinyar da zan aura, suna bincike a kaina. Yayanta ya kai wa babansu hoton, ya ce na ƙasan nan ma'aunin haƙuri ne da iya zama da mutane, kuma na faɗi warwas. Baba ya ce a dakata da sa rana.

Malam, a da liman da maƙwabta ake tambaya, yau waya ce mai shaida? Na tare yayan a kasuwar Bebeji, na wanke shi tas. Ya bari na gama, ya ce, "Ka gani ko? Wayar ba ta yi maka ƙarya ba."

Na goge hoton, amma ya riga ya shiga wayar kowa. Jama'a, ku ba ni shawara: wa zan tura wurin Baba? In na je da kaina, bakina ne zai ƙarasa ni.