Wa Ya Ci Tudun Bakin Gada?

A tashar motar Bagwai, shekarar da fetur ya yi wuya, tun hantsi babu mota. Muntaka, tsohon sojan igwa, ya kasa zama wuri ɗaya. Sai ya jiyo wani dattijo lulluɓe da mayafi yana ba 'yan kamasho labarin yaƙin basasa.

"Tudun bakin gada? Ai mu sojan ƙasa muka ci shi."

Muntaka ya matso. "Malam, ji tsoron Allah! Mu 'yan igwa muka ci tudun nan. Ku toka kawai kuka taka."

"Da ƙafa muka hau, ana tafka ruwa."

"Bayan mun share muku hanya! Da asuba muka buɗe wuta, ni da hannuna na saita igwar. Ko ƙadangare bai tsira ba."

Dattijon ya ƙura masa ido. "Da asuba ka ce?"

"Asubar Juma'a. Har lambar yabo aka ba mu."

"Abokan gaba tun ranar Alhamis suka gudu. Mu muka kwana a kan tudun."

Ya yaye mayafin. Hannun rigarsa na dama babu kome a ciki.

"Ashe kai ne. Na daɗe ina son in ga fuskarka."