Lissafin Rahila da numfashina

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu. Ku yi haƙuri da muryata, abin da ya rage mini ke nan.

Na daɗe ina haɗa ruwan wanke tayil a unguwar Sabo, ina kai wa masu shaguna a unguwar Mokola. A aji huɗu na firamare na tsaya. Awona murfin jarka ne da hancina.

'Yata Rahila tana karatun kemistiri a jami'a. Wata Asabar ta zauna a bakin shagona tana lissafi. Na tambaye ta na mene ne, ta ce na amoniya ne, irin wadda nake zubawa. Wai a haɗin da aka ba su, kusan ɗaya cikin ɗari na amoniyar ne kawai ke karɓar wani abu daga ruwa ya canja, sauran suna nan yadda suke.

Ban ƙara tambaya ba. Girman kai. Na ce a raina ashe ɗaya ne ke aiki, shi ya sa kayana ba su da ƙarfi. Da ta koma makaranta na ninka amoniyar, na ƙara bilic, ruwan nan mai sa kaya fari, na kulle ƙofa kada wani ya ga sirrin haɗina. Tururin ya shaƙe ni, na faɗi.

Maƙwabcina, Alhaji mai goro, shi ya ɓalle ƙofar ya sa ni a keke mai ƙafa uku. Kwana tara ina asibiti da roba a hanci. Likita ya ce wa matata ta kira dangi.

Rahila ta zo, ta ji abin da na yi, ta ƙi zama. Ta ce, "Baba, sauran ba barci suke ba, su ne ke tashi su shiga hanci. Kuma ba a haɗa amoniya da bilic, ko ɗigo." Sai kuka, wai ita ta kashe ni.

Ba ni da iskar doguwar addu'a. A zuci na ce, Yesu, ni na yi wauta, kada ka bar yarinyar nan da alhakin mutuwata. Washegari da hantsi na ja numfashi, ya sauka har ciki. Ubangiji ya ji ni!

Ban warke duka ba. Sau biyu na tsaya kafin na hau matakalar cocin nan, shagon kuma na rufe shi. Amma ina da rai, Rahila ta koma aji. Na gode wa Ubangiji. Duk wanda ya kai inda baki ba ya buɗuwa, ya kira Shi a zuci. Yana ji.